Idon da Ba Ya Barci: Wace Kyamarar Tsaro ta Dace da Ɗan Kasuwa?

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari da ke Kano, wanda ya yi sammako ya tarar an fasa masa sito an kwashe dila biyar. Da farko hankalinsa bai tashi ƙwarai ba, domin bara war haka ya kashe kuɗi an kafa masa kyamarorin tsaro guda huɗu. Aka taru a gaban allo, shi da yaran shagonsa da ɗan sanda, aka mayar da hoton baya zuwa ƙarfe biyu na dare. Ga mutum nan kuwa ya shigo, ana ganin tafiyarsa, ana ganin yadda yake saɓa kaya a kafaɗa. Da aka tsayar da hoton aka faɗaɗa shi don a ga fuska, sai fuskar ta watse ta koma 'yan murabba'ai masu ruwan toka, waɗanda ko uwar da ta haifi ɓarawon ba za ta shaida shi da su ba. Kyamarar ta shekara tana aiki dare da rana, amma a rana ɗaya tilo da aka saye ta dominta, ba ta faɗi komai ba sai abin da kowa ya riga ya sani, wato an yi sata.

Hasarar ba ta tsaya ga dukiya kaɗai ba. Duk lokacin da hoto ya kasa nuna mai laifi, zato yakan faɗa kan na kusa, wato maigadi ko yaron shagon da ya yi shekaru yana riƙe da makulli, kuma zargin da ya shiga tsakanin ubangida da yaronsa da wuya ya fita ko da gaskiya ta bayyana daga baya.

Wanda duk ya je sayen kyamara a yau, abin da mai shago zai fara tambayarsa shi ne, ta analog yake so, ko kuwa ta netwok, wadda masu sana'ar ke kira IP? Galibi farashi ne ke yanke hukunci, ko kuma daɗin bakin mai talla. Alhali kuwa amsar tana cikin wani lissafi ne da ɗalibin sakandare zai iya yi da biro da takarda, muddin ya fahimci yadda na'urorin biyu ke aiki.

Daga filin harba roka zuwa ƙofar shago

A shekarar 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Siemens ya kafa kyamarori a tashar gwaji ta Peenemünde da ke ƙasar Jamus, domin injiniyoyi su kalli tashin rokar V-2 daga nesa ba tare da sun jefa rayukansu cikin haɗari ba. Injiniyan da aka danƙa wa aikin, Walter Bruch, shi ne daga baya ya ƙirƙiro tsarin talabijin mai launi da ake kira PAL, wanda gidajen talabijin na Nijeriya suka ɗauka. Kyamarorin wancan zamani ba su naɗar komai, sai dai a zaunar da mutum yana kallon allo. Da kaset ɗin bidiyo ya yaɗu bayan fitowar VHS a 1976, sai aka samu na'urorin da ke jan kaset na awa uku har ya kai awa 24, ta hanyar ɗaukar hotuna ƙalilan a kowace daƙiƙa. Dole kullum wani ya tuna ya canja kaset, ga shi kuma yana koɗewa saboda yawan maimaici. A ƙarshen shekarun 1990 aka fara maye gurbinsa da na'urar DVR, mai ajiye hoto a faifan ajiya irin na kwamfuta. A 1996 kuma kamfanin Axis na ƙasar Suwidin ya fitar da Neteye 200, kyamara ta farko da ake jona wa layin kwamfuta kai tsaye. Ba ta iya ba da fiye da hoto ɗaya a daƙiƙa, amma daga gare ta zuriyar kyamarorin IP ta samo asali.

Idon na'urorin biyu iri ɗaya ne. Haske yana ratsa gilashin kyamara ya sauka a kan wani ɗan allon silikon da aka rarraba zuwa ƙananan gurabe masu ɗimbin yawa, kowane gurbi yana mayar da hasken da ya same shi zuwa cajin lantarki. Willard Boyle da George Smith ne suka ƙirƙiro irinsa na farko a 1969, aikin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2009. Bambancin yana farawa ne daga abin da ake yi da wannan caji.

Kyamarar analog tana mayar da hoton zuwa ƙarfin lantarki mai hawa da sauka, layi bayan layi, ta tura shi ta cikin waya mai kauri irin wadda ake jona wa eriya ko dish, har zuwa DVR. A can ne ake mayar da shi lambobi, a matse shi, a ajiye. Kowace kyamara da tata wayar, kuma duk abin da ya sami siginar a hanya, a hoton zai bayyana, kamar muryar mai kira daga nesa wadda ke raguwa tana cuɗanya da hayaniyar gari. Ita kuwa kyamarar IP ƙaramar kwamfuta ce mai zaman kanta. A cikinta ake mayar da hoton lambobi a matse shi, sa'an nan ta yanyanka shi ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli ɗauke da adireshin inda za shi, ta aika ta wayar netwok zuwa na'urar naɗiya da ake kira NVR. Lamba ba ta koɗewa a hanya. Ko dai ta isa yadda aka aiko ta, ko kuma a rasa ta ɗungurungum, shi ya sa hoton IP ba ya yin yayyafi, sai dai ya daskare ko ya ɗauke.

Akwai kuskure guda biyu da suka yaɗu a nan. Wasu na zaton kyamarar IP ba ta aiki sai da intanet, alhali tana iya shekara tana naɗiya a cikin gini ba tare da an saya mata data ko ta kwabo ba. Wasu kuma na zaton ita kaɗai ake iya kallo ta wayar hannu, alhali DVR ma ana jona ta da intanet a kalle ta daga ko'ina.

Lissafin ɗigo

Kowane hoto na allo tarin ɗigo ne, waɗanda ake kira fiksel. Tsarin PAL yana da layi 625, amma 576 kaɗai ake gani. Idan aka mayar da irin wannan hoto lambobi, yakan ba da ɗigo 720 a faɗi da 576 a tsaye, jimla 414,720. Kyamarar da ake kira mai 1080 tana da 1,920 sau 1,080, wato 2,073,600, ninki biyar ke nan. Mai 4K kuwa tana da 3,840 sau 2,160, wato 8,294,400, ninki ashirin.

Sai dai yawan ɗigon da aka rubuta a jikin kwali ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne ɗigo nawa ke sauka a kan kowace mita ta wurin da ake kallo. Wani ma'auni da hukumar ƙasa da ƙasa mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki, wato IEC, ta fitar a 2014 ya kasa abin mataki-mataki. Da ɗigo 25 a mita za a iya gane cewa akwai mutum a wurin. Da 125 za a iya shaida wanda aka riga aka sani. Amma kafin a tantance baƙon fuska yadda babu shakka, sai an sami 250. Faɗin fuskar babban mutum bai wuce santimita 16 ba, saboda haka a mataki na ƙarshe ɗigo 40 ne ke ratsa fuskar daga kunne zuwa kunne, a na farko kuwa huɗu kacal.

Yanzu sai a koma ga ɗan kasuwar Kantin Kwari. A ce kyamararsa tsohuwar analog ce mai ɗigo 720, an kuma kafa ta tana kallon farfajiya mai faɗin mita 12. Idan aka raba 720 gida 12 za a sami 60, wato fuskar ɓarawon ɗigo goma ta samu. Da mai 1080 ce, da an sami 160 a mita, wanda zai isa a ce wane ne idan ɗan gida ne, amma ba zai isa a kama baƙo ba. Da mai 4K ce, da an sami 320. To amma ga abin lura: da an ɗauki waccan tsohuwar kyamara an auna ta kan ƙofar sito kaɗai, tana kallon faɗin mita biyu da rabi, da ta ba da ɗigo 288 a mita, ta tona asirin ɓarawon ba tare da an ƙara ko sisi ba. Laifin da aka ɗora wa na'ura, rabinsa na wanda ya kafa ta ne, wanda ya so ido ɗaya ya ga ko'ina. Haka nan masu liƙa kyamara can ƙuryar rufi don kada a taɓa ta, sukan ƙare da kyawawan hotunan saman hula.

A da, wannan lissafi kaɗai ya isa ya kayar da analog, domin ba ta iya wuce iyakar da tsarin talabijin ya gindaya mata. Amma tsakanin 2012 da 2014 wasu kamfanoni a ƙasashen Sin da Koriya ta Kudu da Amurka suka fito da dabarun da ake kira HD-CVI da AHD da HD-TVI, waɗanda ke tura hoto mai 1080, har da abin da ya fi haka, ta cikin tsohuwar wayar nan mai kauri. Tun daga lokacin, maganar cewa analog dishi-dishi ce ta zama tsohon zance. Wanda ya riga ya binne wayoyi a bango yana iya canja kyamarori da DVR kawai, ya bar wayoyinsa inda suke.

Waya da wuta

Wayar netwok tana da iyaka, mita 100. In nisa ya wuce haka sai an sa akwatin rarraba layi a tsakani, ko a koma ga wayar gilashi mai aiki da haske. Wayar analog mai kyau kuwa tana kai hoto mita 300 ko fiye ba tare da wani taimako ba, abin da ya sa ta fi sauƙi ga mai gonar kaji ko mai masana'anta da ke son tsare doguwar katanga. Amma sai wayar ta kasance ta jan ƙarfe zalla. Kasuwa cike take da wadda cikinta alminiyam ne ko baƙin ƙarfe, aka shafe bayanta da jan ƙarfe. In aka kankare ta da wuƙa farin cikinta zai fito, mai baƙin ƙarfen kuma maganaɗisu na kama ta.

Ta fuskar wuta, IP ce ke da rinjaye, kuma dalilin yana cikin darasin fiziks na aji huɗu. Tun 2003 aka amince da wata ƙa'ida da ke ba wayar netwok damar ɗaukar hoto da wuta a lokaci guda, a ƙarfin da ya kai kimanin bolt 48. Kyamarar analog kuwa galibi bolt 12 take sha, ta wata waya dabam. A ce kyamara na buƙatar wat 6. A bolt 12 za ta ja rabin amfiya, a bolt 48 kuwa kashi ɗaya cikin takwas na amfiya. In turjiyar wayar, zuwa da dawowa, ta kai om 4, dokar Ohm ta nuna cewa ta farkon za ta yi hasarar bolt 2 a hanya, 10 kaɗai za su isa gare ta, ta biyun kuwa rabin bolt za ta rasa daga cikin 48. Wannan ne sirrin wata cuta da masu gyara suka sani sarai: kyamara tana aiki lafiya lau da rana, amma da zarar duhu ya yi, fitilunta na infrared da idon mutum ba ya gani suka kunnu, sai ta ƙara jan wuta, ƙarfin ya faɗi, hoton ya dinga rawa ko ya ɗauke. Mai shago da ke duba allo da rana kaɗai ba zai taɓa sanin cewa idonsa na makancewa kowane dare ba.

Duk wannan kuma idan akwai wutar ke nan. A ƙasar da ɗauke wuta ya zama ruwan dare, batir yana gaba da kyamara a muhimmanci. Kyamara takwas masu shan wat 6 kowace, haɗe da na'urar naɗiya mai shan kimanin wat 25, sun tasam ma wat 75. Daren awa 12 zai ci wat-awa 900. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma irin mai dalma ba a son a sha fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko, saura 600 ke nan, wato awa takwas, ban da abin da inbata ke ci. In an kashe janareta an rufe shago da ƙarfe shida na yamma, idon zai rufe da ƙarfe biyu na dare, daidai lokacin da masu sana'ar dare ke fitowa.

Faifan ajiya ma yana da nasa lissafin. Kyamarar da ke fitar da megabit 4 a daƙiƙa tana cika gigabait 43 a kwana ɗaya. Takwas za su cika kimanin 345, a wata guda kuwa sama da terabait 10. Da zarar faifai ya cika, na'ura takan goge mafi tsufa ta rubuta sabo a kai ba tare da ta nemi izini ba. Wanda aka sa wa faifai mai terabait ɗaya, kwana uku kaɗai yake da shi a hannu, alhali satar cikin gida, wadda ake yi kaɗan-kaɗan, ba a cika gano ta ba sai ranar ƙidayar kaya a ƙarshen wata. Dabarar matse hoto ta H.265, wadda ta fito a 2013, tana rage nauyin da kusan rabi idan aka kwatanta da H.264 ta 2003, haka ma saita na'ura ta yi naɗiya sai in ta ga motsi.

Ɓarawon da ba ya haura katanga

A ranar 21 ga Oktoba, 2016, manyan shafukan intanet irin su Twitter da Netflix suka ƙi buɗewa ga jama'a masu yawa a Amurka da wasu sassan Turai. An kai wa kamfanin Dyn hari ne, wanda ke nuna wa kwamfutoci hanyar zuwa waɗannan shafuka, kuma rundunar da aka yi amfani da ita ta ƙunshi dubban kyamarorin tsaro da na'urorin DVR na mutanen da ba su san hawa ba balle sauka. Wata muguwar manhaja mai suna Mirai ce ta dinga bin intanet tana ƙwanƙwasa ƙofar kowace na'ura da kalmomin sirri kusan 60 da masana'antu kan saka tun daga kwali. Duk wadda mai ita bai canja kalmar ba, sai ta buɗe. A Disamba 2017 wasu matasa uku 'yan Amurka suka amsa laifin ƙirƙirar manhajar a gaban kotu.

Mai analog kada ya yi murna, domin DVR ɗin da aka jona da intanet ƙofa ce ita ma. Bambancin shi ne a tsarinsa ƙofa ɗaya ce, a tsarin IP kuwa kowace kyamara ƙofa ce. A kasuwanninmu ma haɗarin ya fi kusa da gida: sau da yawa wanda ya kafa kyamara yakan tafi da kalmar sirri a wayarsa, yana iya ganin lokacin da ake ƙirga kuɗi da inda ake ajiye su. Ya kamata mai wuri ya canja ta da hannunsa ranar da aka gama aiki. Ya kuma sani cewa dokar kare bayanan jama'a da Nijeriya ta kafa a 2023 ta shafi hoton duk wanda za a iya shaidawa, saboda haka auna kyamara cikin gidan maƙwabci ko ɗakin gwada tufafi, ko watsa hoton abokin ciniki a Facebook, na iya jawo wa mutum shari'a.

Inda IP ta yi zarra da gaske shi ne batun wurin ajiya. Ɓarawo mai wayo DVR yake fara nema, ya saɓa ta tare da kaya. Gobara kuwa, irin wadda ta cinye shaguna masu ɗimbin yawa a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, ba ta barin na'ura balle shaidar da ke cikinta. Da yake hoton IP ƙulli ne mai adireshi, ana iya ajiye NVR a wani gini dabam, a tura kwafi wani gari, ko a sa katin ajiya a cikin kyamarar kanta. Tun da kamfanonin Axis da Bosch da Sony suka kafa ƙa'idar ONVIF a 2008, ana kuma iya haɗa kyamarar wannan kamfani da na'urar wancan, ko da yake ba kullum suke jituwa a kan komai ba.

Idan aka auna duka, mai shago ɗaya ko gidan mai da ke buƙatar kyamara huɗu zuwa takwas ba shi da dalilin raina sabuwar analog. Ta fi araha, kusan kowane mai gyaran dish a unguwa zai iya duba ta, kuma rarar kuɗin ta fi amfani in aka zuba ta a batir da faifai da waya ta gari. Makaranta ko asibiti ko kamfani mai rassa, inda kyamarori za su kai talatin kuma ana sa ran ƙari, su IP ta fi dacewa da su, bisa sharaɗin suna da ma'aikacin da ya san adireshi da saitin netwok, domin ranar da ta rikice ba a gyara ta da filaya da salatif. Akwai kuma hanya ta tsakiya, tun da yawancin DVR na yanzu suna karɓar kyamarar IP ɗaya ko biyu: a sa analog ta tsare farfajiya, a ajiye IP mai yawan ɗigo a ƙofar shiga da wurin karɓar kuɗi. Ƙurar hunturu da ke rufe gilashi, da tsawar damina da ke bin dogayen wayoyi, da gizo-gizon da ke saƙa a gaban fitila saboda ƙwarin da take jawowa, waɗannan ba su san bambancin analog da IP ba, tsumma da tsani da turken ƙasa mai kyau ne maganinsu.

Kafin a biya mai aiki cikon kuɗinsa, akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. A bari sai dare ya yi, a kashe wutar gari da janareta, a sa wani wanda mai shago bai sani ba ya shigo ta ƙofa sanye da hula, yana tafiya yadda mutum ke tafiya, ba tare da ya tsaya ya kalli kyamara ba. Da safe a nemo hoton daga faifai, domin wanda aka naɗa sau da yawa bai kai na kai tsaye kyau ba, a tsayar da shi, a ga ko za a iya nuna mutumin a cikin mutum biyar. Sa'an nan a gwada agogon na'urar da na wayar hannu. A cikin kowace DVR ko NVR akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo wanda ke riƙe da lokaci in an ɗauke wuta, kuma idan ya mutu na'urar takan koma wata tsohuwar shekara, ta buga wa satar daren jiya kwanan watan da ya wuce tun kafin a gina shagon.